Waƙar Rijiya da Ta Buɗe Mini Baki

Ciwo ya share mini abubuwa da yawa daga ka, har da sunayen wasu ɗaliban da na koyar shekara da shekaru. Amma daminar da na yi a Jabo ba ni da bakin magana, da hantsin da bakin ya buɗe, waɗannan kam ba zan manta da su ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Kebbe, iyalina kuma suna Tambuwal, sai ƙarshen mako nake hawa babur in je in gan su. Ni mutum ne mai surutu tun ina ƙarami. A majalisarmu ta ƙofar gida, in ban zo ba sai a ce yau hira ta yi lami. Wata safiya cikin bazara ina gaban allo na zana huhu, na juyo zan gaya wa yara sunansa, sai na nemi kalmar na rasa. Ga abin nan ina kallo, na san aikinsa, na san inda yake a ƙirjin mutum, amma sunan ya ƙi zuwa. Alli ya suɓuce daga hannuna na dama. Yara suka fara dariya, suna zaton irin barkwancin da na saba yi musu ne, sai da suka ga na zube.

Daga asibitin Tambuwal aka wuce da ni Sakkwato. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo wata jijiya ta toshe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwata, shi ya sa hannu da ƙafa na dama suka saki, magana kuma ta ɗauke. A kaina yake tsaye yana yi wa matata da wana wannan bayani. Babu abin da ban fahimta ba a ciki, don na sha zana ƙwaƙwalwar nan a allo. Na buɗe baki zan tambaye shi ko maganar za ta dawo, abin da ya fito shi ne, "To."

Ita ce kalmar da ta rage mini a duniya. In ina jin ƙishirwa, to. In ƙafata tana zogi, to. In ɗiyata ƙarama ta hau cinyata ta tambaye ni ko ina sonta, to. Da na gwada rubutu da hagu sai baƙaƙen suka cuɗe mini, na kasa haɗa ko sunana. Da a ce wata kalma ce ta daban ta maƙale a bakina, da mutane sun gane ciwo ne ke magana. Amma "to" amsa ce, kowa kuma ya ɗauke ta a matsayin amsa.

Da aka sallame mu muka dawo Tambuwal, gida ya cika da masu dubiya. Wasu su riƙa ɗaga murya kamar kurma suke yi wa magana, wasu su zauna dab da ni su tambayi matata ko ina gane mutane kuwa. Abokan majalisa sukan shigo su yi addu'a, su fita, can in jiyo dariyarsu a ƙofar gida. Ban ga laifinsu ba. Zama da wanda ba ya mayar da magana aiki ne, ba kowa ya iya ba. Sannu a hankali masu dubiya suka ɗauke ƙafa, ya rage daga ni sai matata, ita ce wanka, ita ce juya ni, ita ce yara, har ta rame ta yi baƙi.

Wana ne ya kawo shawarar a kai ni Jabo, garinmu na asali, wurin yayarmu. Ya ce akwai mai magani a can da ya iya tausar masu shanyewar ɓarin jiki, kuma matata za ta samu ta huta. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya juyo ya tambaye ni ko na yarda, bakina ya ba shi amsar da yake ba kowa. Matata ba ta gamsu ba. Bayan ya fita ta durƙusa gabana, ta riƙe hannuna mai lafiyar, ta ce, "Malam, da gaske so kaka yi ka tafi? In hidimata ta gaza, ka nuna min."

Na tattara duk ƙarfin da ke jikina don in ce a'a. Na girgiza kai, amma a lokacin kaina dama rawa yake yi ko da yaushe, ba wanda ke karanta kome a cikinsa. Bakin ya buɗe ya ce, "To." Ta saki hannuna a hankali, ta tashi ta shiga haɗa mini kaya. Ina jin tana jan hanci a ɗaki. Na sha wuya a ciwon nan, amma ban taɓa jin na zama ni kaɗai a duniya kamar wannan yammacin ba.

Yayata ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma har na yi furfura Auta take kirana. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta mata suna aure, ɗaya a Sanyinna ɗaya a Fakku, namijin kuma ya tafi kudu neman abinci, sai jefi-jefi yake bugo waya. Ta share mini ɗakin ɗan nata, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a rumfa. Ruwa ya sauka, kowa ya nufi gona. Da sassafe takan ba ni kunu, ta jingina ni da bango, ta ɗauki fartanya ta tafi gayaunarta. Daga nan sai ni da kaji da wata akuya mai tari. Duk babur ɗin da ya wuce ta bayan danga sai in kasa kunne ko zai tsaya, har ƙararsa ta ɓace.

In ta dawo kuwa, Yaya ba ta rufe baki. Ta gaya mini yadda gero ya yi, da wanda shanun makiyaya suka shiga gonarsa aka sasanta, da mafarkin da ta yi, da abin da marigayi mijinta ya taɓa faɗa shekarun baya. Ba ta jiran amsa. Ni kuwa a raina ƙosawa nake yi, don hankalina yana Tambuwal. Matata takan bugo waya, a kara mini a kunne, ta tambayi jiki in ce to, ta ce yara suna gaishe ni in ce to, shi ke nan hira ta ƙare. Kiran ya riƙa gajarta. Na san abin da ke ranta, ba ni kuma da hanyar gyara shi. Mai tausa yana zuwa yana yi, ƙafa ta ɗan fara motsi, amma ni na fara kau da kai daga abinci. Ba wai na yanke shawarar wani abu ba ne, kawai ban ga dalilin ci ba.

Ranar da abin ya faru an tashi da ruwa, Yaya ba ta je gona ba. Da hantsi sama ta washe, ta jawo turmi kusa da rumfa ta zuba gero za ta yi surfe. Ta ba ni baya tana daka, sai na ji ta fara wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, irin wadda mutum ke yi bai san yana yi ba. Waƙar Innarmu ce, ita ta ƙirƙira ta don ta tsokane ni, saboda ina yaro duk inda ta sa ƙafa ina biye, musamman rijiya:

Auta na bin Inna rijiya,
ba shi da guga, ba shi da igiya,
mi za ka ɗebo, ɗan Inna?

A da, nan Inna ke tsayawa, ni kuma in amsa. Na fi shekara arba'in ban ji waƙar nan ba, ban ma san tana cikin kaina ba. Amma tana kaiwa wurin sai na ji ƙamshin zanen Inna, na ji sanyin laka a bakin rijiya, sai kawai na ji murya tana cewa, "In ɗebo Inna, in kai gida." Muryar a shaƙe take, a karkace, amma tawa ce.

Taɓarya ta tsaya a sama. Yaya ta juyo tana duban ƙofa, tana zaton wani ne ya shigo. Sannan ta dube ni ta ce, "Mi kac ce?" Na yi ƙoƙarin maimaitawa da magana, sai "to" ta fito. Ta jingina taɓaryar, ta zo ta zauna a ƙasa gabana, ta sake rera waƙar tun daga farko. Da ta kai wurin, na amsa. Ta sake, na amsa. Muka yi ta yi kamar yara, ita tana kuka ina kuka, kaji suka hau turmin suna cin gero ba wanda ya kore su. Ranar na cinye tuwona.

Daga nan muka gano cewa in na ɗora kalma a kan karin waƙar, takan fito, ko da da ƙyar. Na rera ruwa, na rera sallah, na rera sunanta. Yaya ta shiga farin ciki irin wanda ban taɓa ganinta a ciki ba, ta daina daɗewa a gona. Ni kuwa akwai maganar da nake ta sassaƙawa a raina, ina gwada ta in ba kowa. Wani yammaci tana tankaɗe na rera mata, "Yaya, ki kai ni gida."

Ta yi dariya ta ce, "Ai gida kake, Auta."

Na ja numfashi na rera, "Tambuwal."

Dariyar ta ɗauke. Ta ci gaba da tankaɗen, har na zaci ba ta ji ba. Can ta kakkaɓe hannu ta shiga ɗaki ta ɗauko waya, ta kira matata, ta ce mata ga Malam zai yi magana, ta kara mini a kunne. A kan karin waƙar rijiya, ni magidanci mai 'ya'ya, na rera wa matata, "Zo ki ɗauke ni, ki kai gida." Sai na ji ta ce, "Malam, kai na?" Na sake rerawa. Ta ce, "Ga ni nan tafe."

Washegari ta zo da mota ita da wana. Yaya ta haɗa mini dawo, wato curin fura, da kuka da daddawa, ta riƙa kai da kawo tana ba matata umarni kan abin da nake iya ci. Da aka sa ni a mota ta leƙo ta taga ta gyara mini hula, ta ce, "Gidan ga zai koma shiru." Murmushi take yi da ta faɗa. Muna tafiya na waiwaya na hango ta tsaye a ƙofa ita kaɗai, akuyar nan a gefenta. Sai a lokacin na gane cewa duk surutun da take yi mini ba don ta ɗebe mini kewa kawai ba ne. Shekaru ta yi tana dawowa daga gona ba wanda za ta gaya wa yadda gero ya yi. Zuwana ya ba ta kunne, kuma da hannunta ta ɗauko wayar da ta raba ta da shi.

Da muka koma Sakkwato ganin likita, matata ta ba shi labari. Bai yi mamaki ba. Ya ce an san haka, magana da waƙa ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, kuma abin da ya shiga mutum tun yarinta tare da so ko tsoro ya fi wuyar gogewa. Ya ce mu ci gaba da rerawa, mu riƙa rage karin a hankali har ya zama magana. Haka muka yi, ni da matata da yara, wata da watanni. Maganata ta dawo, ko da yake har yau a hankali nake yin ta, kuma in na gaji kalmomi sukan ɓuya. An mayar da ni aiki Tambuwal, na ci gaba da koyarwa da sanda a hannu.

Da na samu ƙarfin hawa bayan babur, na mayar da zuwa Jabo al'ada. In zauna a rumfa, Yaya ta yi ta zuba, ni ina saurare, yanzu kam da kunnena duka. Haka muka yi har Allah Ya karɓi abarsa wata kaka, bayan an gama yankan gero. Waƙar yanzu ni kaɗai na rage da na ji ta daga bakin mai ita.

Ba na raina magani, don allura da ƙwayoyi ne suka tsayar da ciwon, kuma likita ya san hanyar da muryata ta bi ta fito. Amma abin da ya tura ta kan hanyar, ƙaunar uwa ce da ta daɗe a kabari, da kewar wata tsohuwa da ke waƙa ita kaɗai a bakin turmi. Abin da na koya shi ne, wanda ya yi shiru ba lallai ya yarda ba ne, wanda kuma ya cika surutu ba lallai yana da abokin hira ba. In kana da irin waɗannan a gidanku, ka je ka zauna, kada ka yi gaggawar tashi.