Wuyan ƙanena

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina kafin matan gidanmu su riga ni. Aji huɗu na yi a lakwal, amma da yake ina iya karanta bayan kwalin magani, dangi suka ɗauke ni rabin lokotoro, ni kuma ban musa ba.

Ƙanena manomin rani ne a Jiratawa. Bara ya zo Sabon Gari ya same ni, ya ce, "Yaya, in na juya kai zan yi sallama a salla, sai duniya ta yi duhu, ƙasa ta karkace. In na miƙe wuya, ta dawo."

Na sa tabarau, na latsa ƙeyarsa, na yanke hukunci: sanyin fadama ne. Na goya shi a babur har Tsibiri, wurin wani wanzami da ya yi suna wajen gyaran wuya. Ya sa masa ƙaho, sannan ya kama haɓarsa ya murɗa. Ƙas! Ni har na ce madalla.

A hanyar dawowa na ji hannunsa na hagu ya saki rigata. Na yi masa magana, ya amsa da harshe mai nauyi kamar ya cika baki da tuwo. Ban tsaya ba sai asibiti.

Bayan an ɗauki hoton wuyan, lokotoro ya ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta bi ta inda bai kamata ba tun haihuwa, ƙashi na danne ta duk sanda ya waiwaya. Ba kasafai ake ganin irinta ba. Murɗawar ce ta ƙarasa ta, ɓarin jiki ya shanye. Ya ce abin yana iya dawowa, kuma na biyu ba ya sallama. Aka ɗaure wuyan da wani abu mai tauri, ƙanena yana kwance yana bin mu da ido kawai.

Na gyara murya na ce, "Ai dama tun farko na zargi jijiya."

Matarsa, wadda shekara talatin ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ta ci gaba da yi masa fifita, ta ce, "Allah Sarki, Yaya. Da ka zarge ta, shi ne ka kai a murɗe ta?"