Jan Hatsin da Inna Ta Share

A shekarar da damina ta sake yi mana ƙarya, ina koyarwa a lakwal, makarantar bokon Filinge, matata kuma tana da tsohon ciki. Sunkuyo ya gagare ta, sai muka ɗauki wata dattijuwa ta riƙa yi mana shara da wanke-wanke. Daga wajen Tondikandiya ta zo, cikin mutanen da fari ya koro suka kafa bukkoki a bayan gari. Ɗanta ya tafi kurmi neman abinci, ya bar mata jika mace ƴar ƙarama. Inna muke ce mata, ita kuma ta ce mini Mushe, kamar kowane malamin boko.

Na karanta littafin tsafta har na koyar da shi, don haka na shirya mata gidan kamar mai jiran sufeto. Na sa aka yi wa rijiya murfi. Na saya mata takalman roba saboda kunamu, da bokiti, da sabulu, da tsintsiya mai doguwar ƙota don kada bayanta ya yi ciwo. Tsintsiyar ta jingine ta a lungu cikin girmamawa, ta ci gaba da gajerar tata.

A nan ƙasarmu ta Kurfai, ƙwayar hatsin da ta faɗi ƙasa tsintsiya ta taro, ta mai shara ce. Ba a tambaya, ba a godiya. In shekara ta yi kyau kaji ake watsa wa. Amma a shekarar nan mata gidajen tururuwa suke tonawa su kwashe ajiyarsu.

Ƙanen matata malamin gona ne. Wata safiya, ina aji, ya kawo buhunan irin da za a raba wa manoma in ruwa ya sauka, ya jibge a ɗakin ajiyarmu saboda na ma'aikatarsu ya cika. An cuɗe irin da wani jan magani mai kashe ƙwari da ɓeraye. A jikin buhun an rubuta gargaɗi da Faransanci mai kyau, wanda duk gidan ni da shi kaɗai muke karantawa, mu kuwa ba mu shara.

Da azahar ya dawo muka zauna cin abinci. Ya leƙa ɗakin, ya fito yana tambayar yayarsa: "Buhun da ya yage, ina hatsin da ya zube?"

"Inna ta share mana," in ji ta. "Ta ƙulle a bakin zane, ta tafi tun hantsi."

Ya zabura ya yi waje. Takalminsa ma ƙafa ɗaya ya sa. Na goya shi a keke, inda rairayi ya hana tafiya muka tura da gudu. A hanya na tambaye shi ko wanki yana fitar da maganin. Ya ce yana fitar da launin.

Bukkokin duk kamarsu ɗaya, tsummoki da kara. Muna tambayar tsohuwa mai aiki gidan Mushe, ana nuna mana gabas da yamma. Daga baya hayaƙi muka bi, don a wurin nan ba kowa ke hura wuta da rana ba.

Mun same ta tana juya kunu. Ƴaƴan maƙwabta sun kewaye tukunyar da ƙoƙunansu, shiru kamar a masallaci. Jikar tana gefe da ludayi a hannu, bakinta duk kunu.

"Inna, kada kowa ya sha!"

"Mi ya hwaru, Mushe? Ba sata na yi ba. Ƙasa na ishe shi."

"Magani gare shi, Inna. Jan nan guba ne."

Ta yi dariya. "Jar ƙasar ɗakinku dai ta. Na wanke shi har ruwa ya yi hwari. Ni da ni tsufa cikin hatsi?"

"Yarinyar ga ta sha?"

"Ɗanɗane ta yi. Ludayi guda, ko biyu."

Ƙanen matata ya suri yarinyar ya hau keken sai gidan likita, Inna ta bi su tana salati, zane na warwarewa. Aka bar ni da tukunya da yara.

Ban taɓa jin tsoron aji ba, amma na kasa duban waɗannan idanun. Iyaye suka fara taruwa. Na yi bayani da Hausa, na roƙi wani ya maimaita da Zabarmanci. Wata mata ta ce, "Ɗana, yunwa ma kashewa takai. Bar mu mu zaɓa." Na ari hauya na haƙa rami, na juye kunun mutane suna kallo. Ban ga wanda ya yarda da ni ba. Na aika aka sayo kalanzir na kwarara a kai kafin in rufe.

Bayan la'asar ƙanen matata ya dawo ya ce an sa yarinyar ta yi amai, jikinta ya daina karkarwa, likita zai riƙe ta kwana biyu ya gani. Ya ce gobe zai kwashe buhunansa, ni kuma na ce kafin goben kwaɗo zai kwana a ƙofar ɗakin. Ya ce mu tafi gida.

Ban iya tafiya ba. Akwai wani mutum da ya tsuguna nesa kaɗan, ɗansa a cinya, yana duban inda na rufe. Hauyar da na ara tasa ce, kuma na riga na mayar masa. Na zauna a kan ramin da wandon aikina, har aka kira magariba.