Ƙugiyar da Ba Ta Nutsewa

Ranar Asabar da ta wuce na shiga wani shagon nama a Peckham, ina jiran a sassara mini ƙafar sa, sai idona ya faɗa kan gashin zabo guda ɗaya maƙale a jikin wani kwali. Baƙi ne mai ɗigo-ɗigon fari. Na duƙa na ɗauka, ni da girmana, mai shagon yana kallona yana tunanin ko lafiya.  Da zan yi masa bayani sai na faro daga kakana, ga shi kuma layi ya yi tsawo a bayana. Kai da ba ka cikin layin, bari in ba ka labarin.

Kaka ya zo London a tsakiyar shekarun tamanin, cikin hunturu, lokacin ina firamare. Muna zaune a wani flat na council, gidan haya na hukuma, a Lewisham, ni da Umma da Abba, wanda yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Abba ne ɗansa na fari, don haka Kaka ba ya faɗin sunansa, sai dai ya ce yaron nan. Ni kuwa amaryarsa ce, kamar kowace jika a wajen kakanta, duk da yakan ce bai taɓa ganin amaryar da ake yi wa Hausa tana mayar da Turanci ba. Wai sadakina ba zai wuce goro ɗaya ba, shi ma busasshe.

Masunci ne ɗan masunta, daga wani ƙauye a bakin Neja, can wajen Yauri. Tafin hannunsa duk kanta, igiyar taru ta bar masa shaida a yatsu. Amma ban taɓa ganin ya sa kifi a baki ba. In Umma ta yi miyar busasshen kifi, sai ya tura kwanon gefe a hankali, ya ce a ba shi shayi. Da farko kifi kawai yake ƙi. Kafin hunturun ya ƙare sai ya zama komai ma ba ya ci sai loma biyu don kada ran Umma ya ɓaci. Ya wuni a kujera kusa da taga da bargo a gwiwa, wuyansa yana ƙara tsawo a cikin riga. Likita ya duba shi ya ce ba a ga wata cuta ba. Na ji Abba yana gaya wa Umma a kicin cewa ya ɗauko tsohon ne don ya cece shi, ga shi zai mace masa a hannu a ƙasar mutane. Wannan maganar ta tsorata ni ƙwarai, har nakan leƙa da safe in ga ko bargon yana motsi.

Umma ce ta gaya mini dalili, wata rana tana yanka albasa. Ƙauyen su Kaka yana ƙarƙashin ruwa. Tun Abba yana saurayi aka tare kogin da madatsa, aka kwashe masu rai aka kai su sabbin gidaje a kan tudu, aka bar na kwance inda suke. A cikinsu har da matarsa, mahaifiyar Abba, wadda ta rasu damina ɗaya kafin tashin. Da ruwa ya gama cika, Kaka ya fita da jirginsa kamar kowa, ya jefa birgi. Birgin ya yi nauyi, ya ja, sai ga rabin tukunya ya fito, irin wanda ake kifawa a rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Ya mayar da shi ruwa, ya tuƙo jirgi zuwa gaɓa, bai sake su ba. A shekarun nan kifi ya yi ƙiba irin wadda ba a taɓa gani ba, kowa yana murna, shi kuwa ko warinsa ba ya so. Umma ta goge ido da bayan hannu ta ce in miƙo mata gishiri.

Da bazara ta shigo, bishiyoyin unguwa suka fara toho, sai ga wani abu a filin ciyawar da ke gaban gininmu. Tsohon Baturen da ke zaune a ƙasanmu, direban bas ne da ya yi ritaya, ya fito da wata doguwar sanda siririya yana kaɗa ta gaba da baya. Doguwar igiya tana tashi sama tana lanƙwasa, tana wani siririn fito, sannan ta kwanta a ciyawa. Ya naɗe, ya sake. Kaka ya daɗe yana kallo, can ya kira ni.

"Amarya, zo ki ga ikon Allah. Mutum yana su a kan ciyawa. Ba shi da dangi ne da za su kai shi magani?"

Ya yi dariya har da tari. Ranar ce na fara jin dariyarsa a London. Washegari ya ce in raka shi ƙasa ya ga mahaukacin da kyau.

Baturen ya yi murna da samun 'yan kallo. Ya ce gwaji yake yi kafin a buɗe lokacin kamun kifi. Ya buɗe wani ɗan akwati, ga ƙananan ƙugiyoyi jere, kowace an naɗe ta da zare da gashin tsuntsu har ta zama kamar ƙwaro. Kaka ya ɗauki ɗaya yana juyawa, ya tambaya ina ake sa tana. Na fassara da guntuwar Hausata. Baturen ya ce babu tana, babu dalma, wannan ƙugiya a saman ruwa take zama, kifin ne yake tasowa daga ƙasa ya cafke ta, don shi irin kifin nan da suke kira trout ƙwarin saman ruwa yake so.

Kaka ya sake juya ƙugiyar a hannunsa. Sannan ya ce in sake tambaya, ba ta nutsewa? Na tambaya. Ya ce in ƙara tambaya, ko kaɗan ba ta taɓa ƙasa? Baturen ya shiga gida ya fito da kofin ruwa, ya ajiye ƙugiyar a kai. Ta tsaya a kan gashinta kamar sauro. Kaka ya tsuguna a gaban kofin nan ya ƙura masa ido, har gwiwata ta gaji da tsayuwa.

Kada ka ɗauka gwaninta ya nuna. Hannun da ya saba jefa birgi da ƙarfin kafaɗa bai san wannan lallashin ba. Ya kamo hularsa, ya kamo reshen bishiya, ya taɓa kamo wandon wata mata a kan igiyar shanya, Umma ta je ba da haƙuri. Tsofaffin biyu ba mai jin yaren wani, amma kullum suna ciyawa suna musu da hannu, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ba ya ganewa. Kaka yakan hawo sama yana haki yana cewa a ba shi tuwo, yunwa yake ji. Ya sa Umma ta riƙa roƙo masa gashin zabo wajen wani mahauci ɗan Gana a Peckham, ya koyi ɗaura ƙwarinsa da kansa a teburin cin abinci, da tabarau a kan hanci. Har a cikin shinkafa muna tsintar gashi.

Sai aka fara zuwa tafki. Tafiya ce mai ɗan nisa daga London, a tsohuwar motar Baturen mai warin taba da jiƙaƙƙen kare. Tafkin babba ne, tsakanin tuddai masu ciyawa, shiru kamar an yi rasuwa. Ka ga Kaka da riga har gwiwa a cuse cikin dogon takalmin roba, da hula, tsaye cikin ruwa. Ranar da ya kama na farko ina gaɓa. Na ga ruwan ya ɗan buɗe baki, ƙwaron ya ɓace, sandar ta lanƙwashe. Ya fito da kifin, jikinsa da ɗigo-ɗigo da wani jan layi a gefe. Umma ta gasa shi da yaji da daddawa. Kaka ya ce kifin Turawa salam yake, ba a haɗa shi da ragon ruwa, yana faɗa yana ci har ya tsotse kan. Abba ya tashi ya shiga banɗaki ya daɗe, da ya fito idonsa ja.

Shekaru masu daɗi suka biyo. Kaka ya yi kumatu. Ya san lambar bas ɗin masallaci, ya san kalmar lovely ta yabon Turawa yana jefa ta inda ta dace da inda ba ta dace ba. Duk hunturu yana ɗaurin ƙwari, duk bazara yana ruwa. Mun ɗauka mun same shi ke nan.

Ina sakandare aka yi wata shekara ta fari. Ciyawar gaban gininmu ta ƙone ta yi ja, aka hana ban ruwa da tiyo. Wajen ƙarshen zafin muka tafi tafki, har da Abba. Da muka sauka daga mota sai muka ga ruwan ya gudu can nesa, ya bar taɓo busasshe a tsattsage, yana wari. A tsakiyar taɓon ga katangu na dutse, ga wata 'yar gada, ga ginshiƙan ƙofa biyu tsaye ba gida a bayansu. Baturen ya ce, ai kuwa, an ce da akwai ƙauye a nan kafin a tare ruwan. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin yanayi.

"Amarya, tambaye shi mutanen garin fa."

Baturen ya ce an ba su gidaje a wani wuri.

"Ba su nake nufi ba. Na kwance."

Baturen ya cire hularsa. Ya ce gaskiya bai sani ba, wasu sun ce an tone an mayar da su tudu, wasu sun ce an bar su. Na ga fuskar Abba ta canza. Shekaru ke nan tsohon yana cin kifin wannan ruwa. Abba ya kama hannunsa ya ce, "Baba, mu koma gida, yau ba ranar su ba ce."

Kaka ya zare hannunsa. Ya zauna a kan dutse ya cire takalman roba, kamar yadda ake yi in za a shiga maƙabarta, ya gangara cikin taɓon ba takalmi. Muna jin muryarsa yana yi wa mutanen wurin sallama, mutanen da bai san sunansu ko addininsu ba. Ya bi tsakanin katangun a hankali yana shafa duwatsu. Ya tsaya tsakanin ginshiƙan nan biyu ya daɗe, farar rigarsa kaɗai ke motsi. Har yau in na rufe ido a nan nake ganinsa.

Mun zaci zai dawo a karye. Sai ya dawo fuskarsa tana haske, abin da ya fi ba ni tsoro.

"Yaron nan, ashe ruwa yana janyewa."

"Baba, wannan ɗan tafki ne. Namu Neja ce aka tare."

"Wanda ya janye wannan, wancan ba zai gagare shi ba. In ya janye ba na nan fa? Wa zai nuna inda uwarka take kwance?"

Abba ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya ɗauko dattawan masallaci suka yi ta ba shi baki. Kaka ya saurare su da ladabi, sannan ya koma loma biyu da shayi. Abba ya san ma'anar wannan, ya je ya yi masa booking ɗin jirgin komawa gida. Ranar tafiya Baturen ya tsaya a bakin ƙofarsa yana ta cewa da ya sani da ya kai mu wani ruwan. Kaka ya rungume shi ya ce lovely.

Sauran labarin a kaset muka ji shi, don haka yake aiko mana da saƙo. Duk rani yakan sa a tuƙa shi zuwa inda yake kyautata zaton ƙauyen yake, yana auna wurin da duwatsun gaɓa. Ya kafa turke a bakin ruwa yana duba shi. Muryarsa tana fitowa daga rediyon kicin, ga kukan awaki a bayanta, yana cewa bana ya ja baya fiye da bara, a gaya wa amarya ta shirya. Damina ta zo ta shafe turken, rani ya zo ya kafa wani. Ruwan bai taɓa sauka ko kusa da inda yake so ba.

Da ciwon ajali ya kama shi Abba ya tafi, ya same shi da rai. Wasiyyarsa ɗaya ce, a binne shi can ƙasa a bakin gaɓa, inda ruwan damina yake rufewa, tunda matarsa ba ta fito ba shi sai ya je. Malamai suka ce bai dace ba. Abba kuma ya ga abin da kabari a cikin ruwa yake yi wa wanda aka bari. Ya binne mahaifinsa a kan tudu, wuri mafi tsayi a maƙabartar.

Yanzu filin ciyawar nan ya zama wurin ajiye motoci. Baturen ya daɗe da mutuwa. 'Ya'yana sun san kifi ne a cikin kwali, ba ƙaya ba kai, kuma in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa, ba ni da bakin yin ƙorafi. Abba ya tsufa, yana zaune a wajena, abubuwa da yawa sun fara zube masa. Yakan manta ya sha magani, yakan manta sunan titinmu. Wannan abu ɗaya ne ya ƙi barinsa. Jiya ina gyara masa matashi ya riƙe hannuna ya ce, ruwa ya raba iyayensa da farko, shi kuma ya zo ya ƙara raba su, ko ya yi daidai? Na ce masa Allah ya san inda kowa yake kwance. Ya ce haka ne, haka ne. Na kai bakin ƙofa ke nan ya sake tambayata.