Ruwan da Inna ke ji a bango

"Rufe duk famfunan gidan," in ji Malam Bello, mai gyaran famfo ɗan garin Garwa. Na rufe. Muka tsaya kan mitar ruwa, allura tana ta juyawa abinta.

Yau ɗigar famfo ta tuna mini da ranar. A unguwar Alibandeng ne, lokacin da kuɗin mai ya cika Gabon, kowa na gini da gaggawa, ni kuma ina da shagon yadi. Na ɗauko mahaifiyata daga Kano, na ba ta ɗaki mafi kyau.

Wata huɗu Inna tana cewa tana jin ruwa na gudu cikin bango. Ni kuwa sai dariya: "Inna, nan fa ba Kano ba ce, ko'ina danshi ne." Har tarin da take yi na ɗora wa damina.

Sai da ruwan sama ya ɗauke bangon bai bushe ba, na kira Malam Bello. Ya fasa bangon da ke bayan akwatin Inna, ga bututu a tsage. Muka buɗe akwatin. Likkafanin da ta wanko da zamzam a Makka, take ta adanawa, ya yi baƙi, ya ruɓe.

Na ce, "Inna, zan sayo miki wanda ya fi shi."

Ta ce, "Ɗan nan, na san kana da yadi. Kunne ne ba ka da shi."

Shekarar ba ta ƙare ba muka naɗe ta a yadin shagona.

Allah ya jiƙan Inna. Ku gaya mini, wace magana ce tsohonku ya faɗa kuka yi dariya?