Kanwar Arɗo a Gindin Turken Wuta

Har gobe ba zan manta da yammacin Alhamis ɗin da na kusa komawa masinja ba. Ku da kuka tarar da aikin rediyo da sauƙi, bari ku ji yadda muka fara.

Cikin shekarun 1950 ne, lokacin allurar shanu. Likitan dabbobin da muke yi wa aiki Bature ne mai sha'awar rediyon magana, yana da nasa guda biyu. Ya ajiye ɗaya a Gwandu a hannun Malam Umaru, tsohon soja, shugabanmu, ɗayan kuma a Kalgo a hannuna, bisa gwajin wata uku. Sau biyu muke magana a rana, da hantsi da bayan la'asar, in faɗi maganin da ake buƙata, su faɗi ranar da mota za ta taso.

Kafin ka yi magana sai ka daidaita na'ura: ka murɗa maɓalli a hankali har allurar mita ta sunkuya, sannan ka ba eriya ƙarfi kaɗan-kaɗan. Na iya wannan kamar Fatiha. Da hantsi lafiya lau, amma da yamma sai wata ƙara ta taso kamar ana suyar ƙosai, ba na jin komai sai "sake faɗi" nake ta yi.

Ranar Laraba Malam Umaru ya ƙosa. Ya ce, "Kai Garba, hannunka na, ba shi zamna ba. In ba ka gyara ba jibi, ka maido mabuɗin ɗakin rediyo ka ɗau kekenka na masinja." Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na san ba hannuna ba ne.

Washegari da la'asar na ɗaure ƙaramin rediyo mai batir a bayan keke, na bi wayar da ke kawo mana wuta daga ɗakin inji. Turaku bakwai ne ke ɗauke da ita. Ina tafe ƙarar na ƙaruwa, mutane na kallona suna cewa zafi ya taɓa malamin waya. A turke na biyar sai da na toshe kunne.

Nan na tarar da shanu sun kewaye turken suna lasar kanwa a gindinsa, wani bijimi yana goga wuyansa a jiki. Duk gugar da ya yi sai turken ya girgiza, tartsatsi ya fito a sama inda aka haɗa waya biyu. Mai shanun, Arɗo Buba, yana tsaye da sandarsa.

Ya ce, "Mi kaka biɗa, ɗana?"

Na ce, "Baffa, wa ya zuba kanwa a nan?"

"Ni na. Iccen ga ya hi kowane santsi, kuma an ce ko gara ba ta ci nai. Sun lasa, sun sosa, mu tahi gida. Laihi na?"

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Na ƙara masa sautin rediyon, bijimi ya goga, akwati ya yi ƙara. Arɗo ya ja da baya ya ce, "Ashe Bature na jin ƙaiƙayin bijimina!"

Na sa aka kashe inji, na hau na kankare mahaɗin na ɗaure shi tam. Arɗo kuma da kansa ya kafa wa shanunsa wani kututture can nesa.

Ranar Juma'a da yamma na kunna rediyo. Sai ga muryar Malam Umaru tangaran. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin ka, har goron da kake taunawa." Ya fashe da dariya ya ce, "Ja'iri! Riƙe mabuɗinka."

Daga ranar na gane cewa in na'ura ta yi gardama, kada ka tsaya zargin hannunka a ɗaki. Fita ka ga abin da mutanen gari ke yi a wannan lokacin. Mabuɗin nan bai bar aljihuna ba sai ranar da na yi ritaya.