Gobe Ummi Za Ta Tsaya a Bakin Famfo

Umaru ya rasu. Yau da safe labarin ya iske ni a Kalgo, ina shirin fita ofis. Ƙanensa ne ya kira daga Gwandu, sai da na sa ya maimaita sau uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ranar Litinin ya kwanta, asubar yau Juma'a Allah ya karɓi abinsa.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Umaru malamin firamare ne a Gwandu, abokina tun muna aji ɗaya. In ka taɓa bin hanyar Dalijan da sassafe ranar Asabar, ka ga wani dogo siriri yana gudu shi kaɗai ba abin da ya koro shi, to shi ne.

Kafin in ci gaba, masu cewa wai gudun ne ya cinye shi, don girman Allah ku kama bakinku. Tun a maƙabarta na fara jin maganar nan, raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ko ciwon kai bai cika yi ba. Kwana ne ya ƙare, shi ke nan.

Shekarun baya da likita ya ce jinina ya hau, Umaru ne ya riƙa buga mini ƙofa bayan sallar asuba. Wata shida muna fita tare, yana jan ƙafa a gefena, wai gwiwa ke damunsa. Sai daga baya matarsa, Maman Safiya, ta tona masa asiri. Gwiwarsa lafiya lau. Gudun kada in ji kunya in daina ne ya sa ya ƙirƙiro ciwon.

Na kuwa daina ɗin. Tun da aiki ya maido ni Kalgo na rataye takalmin, yau shekara uku. Duk Asabar sai ya kira ni: "Sani, ya tumbi? Ka gaishe min da shi."

Yau ina duba wayata, kiransa na ƙarshe yana nan, ban ɗauka ba.

Amma abin da ya hana ni sukuni tun safe 'ya'yansa ne, musamman ƙaramar.

Gudun Umaru na gidan ne gaba ɗaya. Duk Asabar Maman Safiya kan cika robobin ruwa uku, ta ɗan sa gishiri da sukari, kowane yaro ya ɗauki tasa ya tafi wurin tsayuwarsa, ya jira Baba ya juyo ya miƙa masa. Safiya, babbar, mai shekara goma, tana can bakin gari kusa da mai shayi. Bashar yana gindin darbejiyar da ke kwanar kasuwa. Ummi, 'yar shekara huɗu, ƙofar gida aka ba ta.

Kuma akwai doka. Ba a ƙara wa yaro nisa sai ya iya gudu daga gida zuwa sabon wurin bai tsaya ba. Roƙo ba ya aiki, kuka ma haka. In ka tambayi Umaru ya yara, ba zai ce maka aji kaza suke ba, sai ya ce, "Ai Bashar ya kai darbejiya."

Ummi ta tsani ƙofar gidan nan. Famfon da ke ƙarshen layinsu take so. Wata biyu tana gwadawa, kullum sai ta tsaya a rabi, ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka, uban ya ɗora ta a wuya su dawo.

Asabar da ta wuce na je Gwandu suna, na biya ta gidan. Na tarar ya dawo daga gudu, gumi bai bushe ba, ga Ummi ta nace sai ta sake gwadawa. A gabana ta tashi, silifas ɗaya ya fita, ba ta waiwaya ba, har ta kai ta dafa famfon da hannu biyu.

Ban taɓa ganin Umaru cikin murna irin ta ranar ba. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Wanga famfo ya zama naki. Asabar mai zuwa nan za ki jira ni."

Sai ya juyo gare ni: "Ka ga ɗiyata? Kai ko nan ba ka kaiwa."

Na ce masa zuwa na gaba zan zo da takalmina. Ya yi dariya ya ce, "Tun bara kake zuwa da shi."

Rabuwarmu ke nan.

Ɗazu bayan la'asar na shiga cikin gida yi wa Maman Safiya ta'aziyya. Ina durƙushe a bakin ƙofar ɗaki, Ummi ta zo ta tsaya a gabana rungume da robarta. An riga an gaya mata Baba ya tafi wurin Allah, ba zai dawo ba, ta gyaɗa kai kamar ta gane.

Ta ce, "Baffa Sani, gobe Asabar?"

Na ce, "Asabar ce."

"To wa zan ba ruwa?"

Uwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Safiya ta kamo hannun ƙanwarta za ta fitar da ita. Ni kuwa ban san lokacin da bakina ya ce "Ni" ba.

Ummi ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ɗan daɗe a kan cikina. "Kai kana iya gudu?"

Na ce, "Kaɗan-kaɗan."

Ta ce, "To kada ka tsaya. In ka tsaya ba a ƙirgawa."

Nan ne hawayen da na riƙe tun safe suka ƙwace mini, a gaban mata, ban ji kunyar kowa ba.

Maman Safiya ta ce, "Malam Sani, mutane za su yi magana. Ko kwana ɗaya bai yi a kabari ba." Na ce mata su yi. Sai ta ce wa Safiya ta je ta wanke robobin.

Don haka a Gwandu zan kwana. Na ari takalmi wurin ƙanensa. Ba zan kai ko kusa da Dalijan ba, na san kaina, in na iso wurin mai shayi na juyo ma na gode Allah. Mutanen Gwandu, in kun ga wani mai tumbi yana haki a kan hanya gobe da asuba, ba rashin sanin zaman makoki ba ne. Alkawarin abokina ne zan kai wa ɗiyarsa.

Allah ka jiƙan Umaru, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba matarsa haƙuri, ka raya masa yaran nan uku bisa tafarki madaidaici.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a ko da Ƙulhuwallahu ɗaya ce. Ku sa Ummi a ciki. Gobe za ta tsaya a bakin famfo karon farko, ta zuba wa kwanar layinsu ido, kuma ni ne zan ɓullo.