Ruwan Takiyya

Ƙanena ya dawo daga haƙar zinari a arewa da haƙora biyu a karye da ƙwaya a aljihu. Na girme shi da shekara huɗu, ni na goye shi, don haka ko da furfura ta fara fito masa a gemu ban daina ganinsa yaro ba. Ya ce a rami suka fara shan ƙwayar don kada su ji gajiya. Da ya dawo garinmu, kusa da Abu Hujar, babu rami, amma ƙwaya tana nan. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu a Rusairis. Mun kai shi wurin malami ya sha rubutu wata guda. Mun kulle shi a ɗaki kwana tara, ya ɓalle taga. Daga nan Inna ta daina ambaton sunansa sai a cikin addu'a.

Sai yaƙi ya koro mutane daga Madani da Sinnar, aka sauke su a makarantar garinmu. Muka buɗe takiyya, wato girkin sadaka: manyan tukwane biyu a gindin darbejiya, yau miyar adas, gobe dafaffiyar dawa. Ni ce kan tukunya, da mata biyar. Abin da ya fi ba mu wahala ruwa ne. Famfo ya tsaya tun da wuta ta ɗauke, sai an je kogi da amalanken jaki, ganga biyu, sawu uku kafin hantsi.

Kawu, yayan Inna, tsohon tela da ya haura tamanin, shi ya ce a ba ƙanena aikin ɗebo ruwan.

Na ce, "Kawu, abincin makaranta guda za a rataya wa wanda bai san safe da yamma ba?"

Ya ce, "Zamna, ɗiyata, tukunya ba ta gudu."

Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yana saurayi ya yi ɗinki a barandar wani Bayahude mai kantin yadi a Madani, lokacin da Yahudawan garin suka yi ta ƙaura, saura 'yan tsiraru. Uban mai kantin ya rasu. A addininsu akwai addu'ar mamaci da ba a yi sai maza goma sun tsaya tare. Suka duba, su tara. Na goman wani nasu ne da giya ta gama da shi, yana kwana bayan tashar jirgin ƙasa.

"Da idona na gani," in ji Kawu. "Attajirai biyu sunka tafi sunka ɗauko shi, sunka wanke mai fuska, sunka sa mai riga. Ba wanda ya ce mai ka bar sha. Cewa sunka yi, ba mu cika ba sai da kai. Kwana bakwai shina zuwa da ƙafa tai, safe da marece, babu maye."

"Bayan kwana bakwan fa?"

"Ban sani ba. Ruwa ya sauka, na komo gida shukar dawa."

Ya sa aka kira ƙanena. "Kai, gwanin rami, jaki ya fi ka sammako. Daga gobe ruwan takiyya naka ne. In ba ka kawo ba, ba a ci."

Ƙanena ya ce, "Kawu, tsakanina da jakin wa za a ɗaura wa amalanken?"

"Wanda ya fi hankali shi ka riƙon linzami. Ku sasanta."

Kwana huɗu ya kawo ruwa. Rana ta biyar bai tashi ba. Samari suka ce za su je, Kawu ya ja kujerarsa ya zauna gaban amalanken, sanda a kan cinya. Hantsi ya wuce. Aka yi azahar. Yara suna kuka a cikin azuzuwa, tukwanena a bushe. Na faɗa wa Kawu maganar da ban taɓa faɗa wa babba ba, har yau ina neman gafara a kanta. Sai ya tura wata tsohuwa daga cikin baƙin, da buta babu komai a ciki, ta tsaya a ƙofar ɗakin ƙanena. Da Larabci ta ce masa, "Ɗana, ban yi alwala ba." Ya fito jiki na ɓari, gumi ya jiƙa masa riga. Ranar sai la'asar aka ci abinci. Bai sake fashi ba.

Makonnin farko ya sha wuya. Amai yake yi a hanya, har igiya yake ɗaurawa a ƙugu ya haɗa da amalanken don kada ya faɗo. Daga baya kumatunsa suka ciko. Ya ƙara sawu na huɗu da kansa, na wankan jarirai da tsofaffi. Inna ta fara ajiye masa shayi a rufe. Wata bakwai ana haka.

Kawu ya rasu a ƙarshen damina.

A wurinmu mai furfura ba ya ɗaukar kaya matasa suna tsaye. Lokacin da ƙanena yake cikin maye ba wanda ya sa shi a sahun manya, don haka ba wanda ya ga laifin ganinsa bayan jaki. Da ya warware sai kowa ya ga furfurar. Kuma saƙo ya zo cewa surukinsa yana tafe daga Rusairis a yi maganar komen matarsa. Inna ta ce, "Haka za ya iske shi, da wando naɗe da sanda a hannu?"

Ni na je wurin dattawan da ke kula da takiyya na ce a hutar da shi, ya yi nasa. Suka yi murna da maganar. Aka ba shi wuri a tabarmarsu, aka ce shi ne mai sa ido, aka ba samari amalanken. Na wanke masa farar jallabiya na goge. In ya miƙe zai ɗauki jarka, sai wani ya karɓe: "Haba Baffa, muna tsaye?" Ya yi dariya ya koma ya zauna.

Sau ɗaya ya ce mini, "Yaya, yaran nan ba su san inda gaɓa ke zaftarewa ba. Bari in riƙa raka su."

Na ce, "Ka huta. Kai babba ne yanzu."

Ya ce, "To."

Ruwa ya ci gaba da zuwa kowace safiya, wani lokaci har ya fi na da sammako. Yana zaune yana kallo.

Surukin ya zo, ya ga farar jallabiya, ya ji daɗi, ya ce bayan girbi za ta dawo. Kafin a yanke dawa na ga idon ƙanena ya sake, na san ya koma wa ƙwaya. Na koma wurin dattawa da sauri, aka mayar masa da amalanken. Amma ya riga ya san in bai tashi ba wani zai je. Ranar da bai tashi ba, na gwada yin abin da Kawu ya yi. Na zauna gaban amalanken har hantsi, wata yarinya ta zo ta tsaya da kwanonta, na tashi na ce wa samari su tafi.

Mata masu tsinkar kuɓewa suka tsinci ƙanena kwance a gindin gawo, bayan la'asar. Ma'aikacin asibiti ya ce zuciya ce ta tsaya.

Aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gida. Rana ta biyu mai sayar da ƙwayar ya zo gaisuwa. Kowa ya san shi, teburin sabulu da sigari gare shi a bakin kasuwa, kuma kakarsa da kakarmu tare suka taso daga yamma a ayari ɗaya. Ya ɗaga hannu aka yi fatiha, aka matsa masa wuri. Aka aiko cikin gida a kawo wa baƙo shayi. Ni ce kan murhu. Na zuba, na sa sukari, na miƙa aka kai masa.